Eugène Mai Foto da Abin da Binuwai Ya Riƙe

Eugène Mai Foto ne ya ɗauki hoton ɗana Bilya a ƙarƙashin ruwan Binuwai, shekara guda bayan ƙuri'ar haɗe ƙasa. Yanzu ya rufe shagonsa na bakin kasuwar Garwa, zai koma dutsensu ta wajen Mokolo. Kunnensa na hagu ya mutu, ƙirjinsa yana kuka kamar zugazugin maƙeri. Babu wanda ya tara masa mutane, babu wanda ya buga masa ganga. Ni Isa, shugaban masu fito a tashar Garwa, na ce ba zai tafi haka ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Da sassafe yake buɗe shago. Ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya goge hoton shugaban ƙasa da ke bango, ya rataye labulen nan da aka zana wa jirgin sama. Sai mutane su fara zuwa: mai son hoton katin ɗan ƙasa, mai son na katin jam'iyya, sojan da ya sami sabuwar igiya. Kowa ya ce masa ɗaga haɓa, kar ka ƙifta. Nan abincinsa yake, kuma iyakar abin da mutanen gari suka sani game da shi ke nan. Amma idan rana ta kusa tsaka, za ka gan shi a ƙofa yana duban inuwarsa. Da zarar ta taƙure ta koma ƙarƙashin ƙafafunsa, in akwai aikin ruwa, sai ya rufe shago ko da mutum yana zaune a kan kujera, ya ɗaure akwatinsa a bayan keke, ya gangaro wurinmu.

Lokacin da ya zo Garwa bai san ruwa ba. A wurin 'yan mishan ya koyi hoto. Wani Bature da ke aiki a tashar jiragen ruwa ya so a ɗaukar masa hoton gindin jiragen ƙarfe da ke zuwa daga Najeriya da damina, ya ba shi tabarau na roba, ya ce ya gwada. Baturen ya tafi, tabaran ya zauna. Mu muka koya masa iyo, da gora a ƙirji, kamar yadda muke koya wa 'ya'yanmu. Na ce masa, “Ɗan dutse, ka san dutse in ya shiga ruwa ba ya dawowa?”

Ya ce, “Shi ya sa na zo wurin 'yan gora, Baba Isa. Ku ba kwa nitsewa, don cikinku ba komai.”

Tun ranar muke zagin juna. Ban taɓa jin ya yi fushi ba.

Akwatin shi ya haɗa abinsa. Tukunyar ƙarfe ce mai kauri, da gilashin tagar wani mataccen jirgi a gaba, da robar tayar mota a bakin murfi, maƙeri ya yi masa kusoshin ɗaurewa. Kamarar tana zama a ciki. Abu ɗaya kawai ya fito waje, wata 'yar waya da yake dannawa. Ba a murɗa komai bayan an rufe. Ko fim ba ya iya juyawa. Ke nan duk nutso hoto ɗaya ne. In ya ɗauka, sai ya fito, ya tsane akwatin, ya kwance, ya juya fim, ya sake ɗaurewa. Duk shawarar da zai yanke, a kan yashi yake yanke ta, kafin ƙafarsa ta jiƙe.

Na sha zama kusa da shi yana wannan aiki, har na haddace. Abu uku yake zaɓa. Na farko nisa. Ya ce ruwa maƙaryaci ne, yana jawo abu kusa. Abin da ke kamu huɗu, ido zai ce maka uku ne, kuma kamara a bayan gilashi ita ma haka take yarda. Don haka ba ya sa ta a kan nisan gaskiya, yana sa ta a kan abin da ido ya ce. Ya ɗaura wata sandar ƙarfe a ƙasan akwatin, tsawon hannun mutum. Idan bakin sandar ya taɓa abu, sai ya danna. Abin da ya wuce wannan nisa a Binuwai, in ji shi, laka ce kawai za ka ɗauko.

Na biyu shi ne idon kamara, yadda zai buɗe shi ko ya tsuke. Yana da farin kwano da ya huda, ya ɗaura wa igiya. Sai ya sake shi daga kwalekwale yana kallo har ya ɓace. Inda ya ɓace shi ke gaya masa hasken da ke ƙasa. In kwanon ya yi nisa kafin ya ɓace, sai ya tsuke idon, na kusa da na baya duk su fito sarai. In ya ɓace da wuri, dole ya buɗe idon sosai don ya sha haske, amma a nan abin da ke bakin sanda kaɗai zai fito, sauran su zama hayaƙi.

Na uku saurin ƙiftawa. In ya sa ta yi jinkiri don haske ya ishe ta, ruwa yana ture mutum, hoto ya girgiza. In ya sa ta yi sauri, duhu. Kullum cikin cinikin waɗannan biyun yake. Fitilar walƙiya kuwa sau ɗaya ya gwada ta. Hoton ya fito kamar an watsa gari a iska, don kowace ƙwayar laka ta mayar masa da haskensa. Bai ƙara ba. Rana tsaka ita ce fitilarsa. Kuma daga ƙasan ruwa yake tunkarar abu, yana fuskantar inda ruwa ke zuwa, don lakar da ƙafarsa ta tayar ta wuce bayansa.

Na taɓa ce masa, “Duk wannan lissafi don hoton gindin jirgi?”

Ya ce, “Kai ma kana duba ruwa kafin ka ɗora mutane. Ni dai nawa fasinjan ba ya iya ihu.”

Da aka yi yaƙi a Najeriya jiragen suka daina zuwa. Na ɗauka aikin ruwansa ya ƙare. Ashe lokacin ya fara. Masunta suka riƙa kiransa idan taru ya maƙale a ƙasa, ya ɗauko musu hoto su ga inda za su yanka ba tare da sun yi asarar duka ba. Wani mai mota daga Ngong, da motarsa ta zame daga kan jirgin fito, da hoton Eugène ya gane inda za a ɗaura sarƙa. Sannan jandarmomi, wato 'yan sandan gwamnati, suka gano shi. In ruwa ya ci mutum ya riƙe shi a inda ba a iya cirowa, shi ake turawa.

Wata mata daga Bibémi, Honorine, mijinta ya nitse da buhunan dawa, saiwar wani babban icce ta riƙe shi. Ina cikin kwalekwalen ranar. Da aka kawo mata hoto, babu abin da ya fito sai ɗan gicciyen da ke wuyansa da maɓallin riga. Sama da nan duk hayaƙi. Ta duba, ta ce nasa ne, ta rungume hoton. Ni na ɗauka ruwa ne bai ba shi haske ba. Ban gane ba sai da abin ya zo gidana.

Bilya shi ne ɗana na fari a wurin matata Aminatu. Yana aiki a wani jirgin ƙarfe mai ɗaukar siminti zuwa ƙauyukan sama. Ƙarshen damina jirgin ya kife a gurbin da ke ƙasa da gada. Abokan aikinsa suka fito. Shi bai fito ba. Masu nutsonmu suka shiga, ruwa ja wur, ba ka ganin tafin hannunka. Suka laluba, ba su taɓa komai ba sai ƙarfe.

Sai magana ta tashi. Wani falke ya ce ya ga mai kama da shi a kasuwar Yola. Wani ya ce ai an ga mutum yana iyo zuwa wancan ƙetare. Matarsa Fadimatu tana ɗaki, ba ta san ko ta shiga takaba ba ko ta ci gaba da jira. Muka je gaban alƙali Goni. Mutumin kirki ne, amma shari'a ba tasa ba ce. Ya ce mutumin da ba a ga gawarsa ba, kuma ana cewa an gan shi, ɓatacce ne. Matar ɓatacce shekara huɗu take jira. Ba addu'ar mamaci, ba rabon gado, ba takaba, sai an sami mutum biyu da za su ce sun gani da idonsu. Aminatu ta daina cin abinci. Kowace motar da ta zo daga Yola sai ta aika a tambaya.

Na je shagon Eugène. Ban iya roƙo ba, na tsaya kawai a ƙofa.

Ya ce, “Na sani, Baba. Ruwan bai kwanta ba. In na shiga yau, duhu zan kawo maka.”

Kullum rana tsaka sai ya zo da kwanonsa, mu tafi gurbin, ya sake shi, ya girgiza kai, mu dawo. Bai taɓa cewa in je in jira a gida ba. Haka har ruwa ya ja baya, ya koma kore. Ranar da kwanon ya yi nisa yana fari, sai ya shiga ba akwati. Ya daɗe. Da ya fito ya riƙe gefen kwalekwale yana numfashi, bai dube ni ba. Ya ce, “Yana nan. Jirgin yana kansa. Ba mai ɗaga shi.”

Na ce, “To ka gaya wa alƙali.”

Ya ce, “Ni ɗaya ne, kuma ka san ba addininku nake yi ba, ba ni ake so a ji ba. Bari in kai musu idonsu ƙasa.”

Ya ɗaure akwati. Hasken ranar ya yi kyau, ya tsuke idon kamara kamar yadda ƙa'idarsa ta ce. Ya nutsa, ni ina riƙe da igiyar da ke ƙugunsa. Ya fito, muka koma. Washegari ya dawo da akwatin, ba hoto a hannunsa. Rana iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, kwano ya ɓace a inda ya ɓace jiya. Amma na ga ya buɗe idon har ƙarshe, ya ƙara saurin ƙiftawa don haske kar ya yi yawa.

Na ce, “Na jiya bai fito ba?”

Ya ce, “Ya fito.”

“To?”

“Ya fito fiye da yadda ya kamata, Baba Isa. Me yake ɗaurawa a jikinsa wanda kowa ya sani?”

Na ce kambu, a damtsen dama. Jar fata ce, uwarsa ta sa aka ɗinka masa ranar da ya fara aikin jirgi.

Ya shiga sau uku ranar kafin ya yarda da abin da ya ɗauka, don wurin yana ƙarƙashin cikin jirgi, sai ya kwanta a kan laka kafin sandar ta kai. A na ƙarshe ya fito jini yana bin wuyansa daga kunne. Na ce mu tafi asibiti. Ya ce sai ya wanke fim tukuna.

A hoton da ya kawo, kambun ya fito har ana ƙirga ɗinkin. Hannun riga ya fito, da gefen ƙarfen jirgi mai lambarsa. Daga kafaɗa zuwa sama babu komai sai toka-toka, kamar mutum ya juya baya cikin hazo. Badukun da ya ɗinka kambun ya duba ya ce aikinsa ne, ba wanda ke ƙulla bakin zare haka sai shi. Maƙwabcinmu ya shaida rigar. Alƙali Goni ya daɗe yana duba hoton, sannan ya yanke hukunci. Muka yi addu'a, muka yi sadaka, Fadimatu ta shiga takaba. Damina ta gaba yashi ya rufe jirgin. Nan kabarin ɗana yake. Fadimatu ta yi aure a Bogo, tana da 'ya'ya, tana aiko mana da gaisuwa.

Ranar da na ga hoton kambun nan na gane hoton Honorine. Na gane sauran duka. Ba ruwa ne ya hana shi haske ba. Shi yake zaɓar abin da dangi za su gani: zobe, ɗamara, tabo a ƙafa. Abin da zai sa su ce namu ne. Abin da kifi da ruwa suka yi wa fuska kuwa, ya bar shi a idonsa shi kaɗai. Sau ɗaya ya bi ƙa'idar haske ya manta da wannan, don hankalinsa yana kaina, kuma a kan ɗana abin ya faɗa.

Eugène, kai ne ka ga abin da ya kamata mu gani, ka ɗauke mana. Kai ba addininmu kake yi ba, amma kai ka buɗe wa matanmu ƙofar takaba. Ka zo daga inda ruwa yake a tulu, ka shiga inda 'ya'yan ruwa suka tsaya a baki. Kunnenka ka bari a gurbin nan, ba ka taɓa ambata mini ba. In na yi maka magana ta hagu sai ka juyo da dama ka ce tsufa ne ya sa muryata ta shige ciki. Ni ban saba yabon mutum ba. Na yabe ka.

Yanzu 'yan Sin suna gina madatsa a Lagdo. An ce ruwa zai taru ya yi zurfin da ba mu taɓa gani ba. Samari suna yawo da sababbin kamarori masu zaɓar wa kansu haske, suna ɗaukar duk abin da ya faɗo gabansu, har gawar da mota ta buge, su nuna wa abokai. Ku da kuka riƙe wannan sana'a, ku je ku gaishe shi kafin motarsa ta tashi. Ku tambaye shi yadda ake auna ruwa da kwano. Ku tambaye shi kuma yadda ake sanin abin da ba za a nuna wa uwa ba. Na gode masa a madadin masu fito, da masunta, da duk gidan da ya shiga da hoto a cikin takarda ya fito ba surutu. Allah ya kai shi dutsensu lafiya, ya sassauta masa ƙirjin.

Saura abu ɗaya, shi ma na gani da idona.

Kafin ya rufe shago ya sa aka yi shela cewa duk mai baƙin fim ɗin da aka wanke hotonsa da shi a wurinsa ya zo ya karɓa, don ba zai hau dutse da fuskokin mutanen Garwa ba. Aminatu ta ji. Ta san da hoton farko, don ni ba na ɓoye mata magana. Idonta ya yi yana, likita ya ce abin zai ci gaba. Bilya kuwa ba mu da hotonsa ko ɗaya. Na katinsa wani mai yawo da kamara ya ɗauka a Pitoa, kuma katin yana aljihunsa a ƙasan yashi. Ta ce mini ta fara rasa fuskarsa. In ta rufe ido sai ta ga ta ƙanensa. Ta ce in kai ta. Na ce ba abin kallo ba ne. Ta ce ba ni na ɗauki cikinsa ba. Na kai ta.

Shagon babu komai sai kujera da akwatuna. Matarsa Monique tana naɗe labulen jirgin sama. Eugène ya miƙe ya ba Aminatu kujerar, ya durƙusa ya gaishe ta da sunan da ake kiran uwa a nan.

Ya ce, “Dada, da kin aiko na zo.”

Ta ce, “An ce kana mayar wa kowa nasa. Na zo karɓar nawa.”

Ya shiga ciki ya fito da na kambun. Ta shafa shi da yatsa, ta miƙa masa.

“Wannan ina da shi a ƙarƙashin matashi. Ɗayan nake so. Ko ka ƙone shi?”

“Ban ƙone ba. Ni ba na ƙona fuskar mutum. Akwai fim ɗin waɗanda ruwa ya ci da yawa. Zan hau da su, in binne su a gonar babana.”

“To ka binne na wasu. Wannan ɗana ne.”

Monique ta ajiye labulen ta fita waje.

Aminatu ta ce, “Eugène, idona ya kusa tafiya. Ko na gani ba zan daɗe ina gani ba. Hancinsa kawai nake so in tuna. Ni na wanke shi yana jariri, babu abin da ke jikinsa da zai ba ni tsoro.”

Ya ce, “Hancinsa irin na Baba Isa ne, sai dai nasa bai kai wannan muni ba. Ki dube shi, ga shi tsaye.”

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo wajena ta ce, “Malam, ka sa baki. Yana jin maganarka.”

Shekara da shekaru ban taɓa roƙonsa komai ba. Na ce, “Ɗan dutse, ba ta.”

Ya juyo da kunnensa na dama, na sake faɗa. Ya dube ni, ya dube ta.

Ya ce, “A'a, Dada. Ba zan ba ki ba.”